Kankaren da ke cikin hotunanmu ba na Sakkwato ba ne

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi sana'ata, wanda mai karatu zai iya ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa yana haddasa saɓani tsakanin mai gida da mai zane da magini a garin nan namu na Sakkwato. Ni mai zanen gine-gine ne. Na fara aiki da takarda da fensir da rula, yanzu kuma da kwamfuta nake yi, kuma akwai samari da suke koyon aiki a hannuna, saboda haka abin da zan faɗa ya fara shafar ofishina kafin ya shafi na kowa.

A yau da wuya mutum ya ba ka aikin zanen gida ko shago ko masallacin unguwa bai tambaye ka hoton ginin ba, wato hoton da kwamfuta ke fitarwa yana nuna gidan kamar an riga an gama shi, da fentinsa da katangarsa da inuwar itace a ƙofar gida. Samari suna kiran wannan aiki renda, kuma suna yin sa da manhajoji irin su SketchUp da Lumion da V-Ray da Blender. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, domin yawancin masu gida ba su iya karanta filan, wato zanen tsarin gida a takarda, ba, hoto kuwa yana sa mutum ya gane inda zaure zai zauna da yadda rufin zai kasance tun kafin ya sayi buhun siminti ɗaya. Abin da ke damuna shi ne, kankaren da filastar da muke nuna wa mutane a cikin waɗannan hotuna ba irin waɗanda maginanmu ke yi ba ne, kuma ba irin waɗanda ranarmu da ƙurarmu ke bari ba ne.

Shekaru kaɗan da suka wuce wani Alhaji ya ba mu aikin gida, ya ce yana son katangar gaba da ginshiƙan ƙofa a bar su da kankarensu ba fenti, domin ya ga irin haka a ƙasar waje ya burge shi. Ɗaya daga cikin yarana ya sauko da hoton kankare daga intanet ya lulluɓa wa katangar, ya fito da ita sumul, launin toka mai sanyi, babu tabo ko ɗaya, ni kuma na duba na amince, muka miƙa wa Alhaji ya yi murna. Aka yi gini, damina ta wuce a kansa, hunturu ya biyo baya. Wata safiya ya kira ni wurin, na iske shi tsaye da hoton a hannu, maginin kuma yana gefe ya sunkuyar da kai. Ya ce mini, "Malam, wanga bango ba shi na kag gwada mani ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in duba." Na zagaya katangar daga farko har ƙarshe ban sami aibin gini ba. An zuba kankaren yadda ya kamata, an ba shi ruwa, layukansa a miƙe suke. Sai dai gindinsa ya yi ja saboda fantsamar ruwan sama daga ƙasa, samansa ya ɗauki ƙura, ana ganin sawun katakon kafinta a jikinsa, launinsa kuma ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Maginin nan ya kusa rasa cikon kuɗinsa a kan laifin da ba nasa ba, sai da na fito fili na gaya wa Alhaji cewa kuskuren yana cikin hoton da muka ba shi. Tun daga ranar na ɗauki wannan batu da muhimmanci.

Domin mai karatu ya fahimci inda matsalar take, ya kamata in bayyana yadda ake yin aikin. Idan aka zana bango a cikin kwamfuta, siffa ce kawai mai tsawo da faɗi da kauri, ba ta da launi, ba ta da kaushi. Sai a nemo hoton fuskar wani abu na gaske, kankare ne ko katako ko dutse, a shimfiɗa shi a kan siffar. Samarinmu suna ce wa wannan hoto tekisca, ni kuwa na fi son in kira shi fata, kuma ina ganin kalmar ta dace da garin da jar fatar akuyarsa ta yi suna har ta ƙetara Sahara ta isa Turai ta hanyar Maroko. Dabarar shimfiɗa hoto a kan siffa ba sabuwa ba ce. Edwin Catmull ne ya gabatar da ita a 1974 a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Utah ta Amurka, sannan a 1978 Jim Blinn ya ƙara dabarar da ke sa fuska mai santsi ta bayyana kamar tana da tudu da kwari ta hanyar sauya yadda haske ke sauka a kanta. Duk hoton gidan da ake nuna mana a waya a yau a kan waɗannan dabaru biyu ya dogara.

To amma hoton da aka ɗauka na bango bai wuce faɗin mita ɗaya ko biyu ba, katangar da ake son rufewa kuwa tana iya kai mita talatin. Don haka kwamfuta takan maimaita hoton, ta jera shi gefe da gefe, sama da ƙasa, kamar yadda mai sa tayil ke jera tayil. Idan gefen dama na hoton bai yi daidai da gefen hagu ba, ko samansa bai yi daidai da ƙasansa ba, sai layi ya fito a duk inda biyu suka haɗu. Duk macen da ta taɓa kai atamfa wurin tela ta san wannan, domin tela mai hankali yakan daidaita zanen atamfar a wurin ɗinki yadda fure zai ci gaba daga wannan ƙyalle zuwa wancan ba tare da ya karye ba. Fata marar ɗinki ita ce wadda aka gyara gefunanta huɗu har ta zama ko sau ɗari aka jera ta ba za a ga mahaɗa ba.

Sai dai ɓoye ɗinki rabin aikin ne, kuma a nan ne mafi yawan yaranmu ke tsayawa. Idan a cikin hoton akwai wani baƙin tabo guda ɗaya, ko wata tsaga mai siffa ta daban, to wannan tabo zai bayyana a kowace mita biyu daga farkon katanga har ƙarshenta, a jere kamar sojoji a fareti. Idon ɗan Adam yana da saurin kama abin da ke maimaituwa, ko mutum bai san komai game da kwamfuta ba zai ji a ransa cewa hoton nan ba na gaske ba ne. Maganin wannan sananne ne ga masu sana'ar. Ana cire duk wata alama mai jan ido daga cikin fatar, ana ɗaukar hoton da ya rufe fili mai faɗi, sannan ana gauraya fata biyu ko uku ta yadda wata za ta rinjayi wata a wurare daban-daban ba bisa tsari ba. Wannan gaurayawa takan yi amfani da lissafin da Ken Perlin ya ƙirƙira a farkon shekarun 1980, wanda ke samar da dabbare-dabbare irin na gajimare, kuma yana cikin kusan kowace manhaja a yau. Bayan haka sai mai zane ya ɗora tabo da tsaga da zirin ruwa da hannunsa, kowanne a inda hankali ya ce zai kasance, wato ƙarƙashin taga, da ƙasan indararo, da gindin bango.

Haka kuma fata mai kyau ba hoto ɗaya ba ce. Akwai hoton launi, wanda bai kamata a ga inuwa ko hasken rana a cikinsa ba, domin kwamfuta ce za ta kawo nata hasken. Akwai hoton kaushi, wanda ke gaya wa kwamfuta inda fuskar ke warwatsa haske da inda take ɗan sheƙi. Akwai kuma hoton tudu da kwari, wanda ke fito da ƙananan ramuka da sawun katako da hatsin yashi. Wannan tsari na bin yadda haske ke aiki a zahiri ya bazu ne bayan Brent Burley na kamfanin Disney ya bayyana nasu salon a 2012, kuma Blender, wadda kyauta ce ga kowa, ta shigar da irinsa a 2017. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne rage kaushi har kankare ya riƙa ƙyalli kamar tayil ɗin banɗaki. Kankare ba ƙarfe ba ne, kuma busasshen kankare na waje abu ne mai kaushi ƙwarai, ba ya nuna hoton abin da ke gabansa. Daɓen siminti na cikin ɗaki wanda aka goge da cokalin magini, ƙafafu kuma suka daɗe suna bi, shi ne ke da ɗan sheƙi, shi ma a tsakiyar hanya, ba a lungu ba. Kuskure na biyu shi ne na awo. Bulo mai inci 9 da muke amfani da shi tsawonsa santimita 45 ne, tsayinsa 22 da rabi, falankin filawud kuma ƙafa 4 ne da ƙafa 8, amma na sha ganin hoton da bulo ɗaya ya kai rabin faɗin ƙofa, saboda yaron bai tsaya ya gaya wa kwamfuta faɗin da fatar ke wakilta ba.

Duk waɗannan ana iya koyon su a cikin makonni. Abin da ba a iya saukowa daga intanet shi ne kankaren Sakkwato kansa. Akwai rumbunan fata na kyauta masu inganci, irin su Poly Haven da ambientCG, kuma ina amfani da su, ina kuma gode wa masu su. Amma mafi yawan abin da ke cikin irin waɗannan rumbuna an ɗauke shi ne a ƙasashe masu sanyi da danshi, shi ya sa za ka ga tsohon kankarensu da gansakuka kore da baƙin danshi, sabon kuma launin toka mai karkata zuwa shuɗi. Launin kankare yana fitowa ne daga simintin da yashin da tsakuwar da aka haɗa, da yawan ruwan da aka zuba, da irin katakon da aka tare shi da shi, da yanayin da ya bushe a ciki. Mu nan tun 1967 ake sarrafa siminti a Kalambaina daga dutsen farar ƙasa na yankinmu, yashinmu daga rafukanmu da fadamunmu ake ɗebo shi, ƙasarmu kuma ja ce mai marmara. Kankaren da aka zuba a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yakan yi saurin rasa ruwan samansa, idan ba a dage da ba shi ruwa ba sai fuskarsa ta yi ƙananan tsage-tsage kamar yanar gizo-gizo. Inda ba a girgiza shi sosai ba yakan bar ramuka kamar saƙar zuma. Damina takan bar ja a gindin bango zuwa kamar gwiwar mutum, wani lokaci da farin gishiri a inda danshi ya hau ya bushe. Hunturu kuma yakan shimfiɗa ƙura mai laushi a kan duk wani abu da ya ɗan fito, ruwan farko na shekara ya wanko ta ta gangaro ta bar zirara a jikin bango. Wannan shi ne kamannin gininmu bayan shekara ɗaya, ko da gwanin magina ne ya yi shi, kuma a idona ba muni ba ne.

Akwai kuma batun rana, wanda ba a cika kula da shi ba. Sakkwato tana wajen digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka a yawancin watannin shekara da tsakar rana hasken kusan daga tsakiyar ka yake saukowa, har ma a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta rana takan tsaya daidai bisa kai. Hasken da ke gangarowa ta jikin bango daga sama yana tona duk wani tudu da kwari na filasta, har sawun hannun magini sai ya fito da inuwarsa. Wanda ya yi renda da rana mai karkata irin ta Turai, da sama shuɗiya tas, ya ɓoye wa mai gida abin da zai gani kullum da azahar. A watannin hazo kuwa akasin haka ne, inuwa takan yi laushi, sama ta yi fari-fari, launuka su dusashe. Ni yanzu nakan fitar wa mai gida hoto biyu, ɗaya na bazara ɗaya na hunturu.

Hanyar gyara a hannunmu take, kuma ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa a fara. A nemi bango a lokacin da rana ba ta dukansa, ko da sassafe, ko a ranar da hadari ya rufe sama, kuma babu lokacin da ya fi kwanakin hazo dacewa, domin haskensu a baje yake. A tsaya daidai gaban bangon, kada a karkata wayar, a kuma sa tef ɗin awo a gefe domin a san faɗin abin da aka ɗauka. Daga nan a buɗe hoton a manhajar gyaran hoto irin GIMP, wadda kyauta ce, ko Photoshop, a yanke shi murabba'i, a daidaita haskensa yadda wani gefe ba zai fi wani duhu ba. Sai a gusar da hoton da rabin faɗinsa da rabin tsayinsa, abin da zai sa gefunan nan huɗu su dawo tsakiya su yi siffar gicciye, a ga ɗinkin ƙuru-ƙuru. A nan ne haƙuri ke aiki, domin za a riƙa ɗebo ɗan yanki daga wani wuri ana shafewa a kan layin har ya ɓace ba tare da wurin ya yi dishi-dishi ba. Idan an gama a jera fatar sau biyar a tsaye sau biyar a kwance, a ja da baya a kalla daga nesa, duk abin da ido ya fara kamawa a koma a cire shi. Yaron da ya yi wannan sau goma zai fara kallon bangon gidansu da wani ido daban, kuma wannan kallo ya fi fatar kanta amfani a gare shi.

Ina kuma jan hankalin samari game da girman hoto, domin da yawansu sun ɗauka mafi girma shi ne mafi kyau. Hoto mai piksil 2048 a kowane gefe, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, idan ya rufe mita 2, yana ba da piksil 10 ga kowace santimita, wanda ya wadatar ga katangar da za a kalla daga bakin titi. Mai 4096 yana da piksil kusan miliyan 17, yana cin kimanin megabait 50 a ƙwaƙwalwar na'ura idan an buɗe shi, kuma kowace fata tana da irinsa uku ko huɗu. Mai 8192 ya ninka wannan sau huɗu. Ga wanda ke aiki da tsohuwar kwamfutar hannu, yana lissafin data, yana kuma tseren gama aiki kafin a ɗauke wuta, wannan nauyi ne da ba ya ƙara wa hoton komai.

Na san abin da wasu abokan sana'a za su ce, domin sun faɗa mini a gabana. Sukan ce mai gida hoto mai ƙyalli yake so, wanda ya kawo masa bango mai ƙura zai rasa aikin, wani ya karɓe. Akwai gaskiya a ciki, ni ma na taɓa rasa aiki a kan haka. Amma ba cewa nake yi a nuna wa mutum gidansa kamar kango ba. Cewa nake yi a nuna masa mafi kyawun abin da magininsa zai iya yi da kayan da ke kasuwarmu, a ƙarƙashin ranarmu. Mutum yana sayar da gonarsa ko ya kwashe kuɗin sallamarsa daga aiki ya zuba a gini bisa dogaro da hoton da muka ba shi, don haka hoton amana ce, kuma ƙawata shi da abin da mun san ba zai samu ba yana kusa da algus. Wasu kuma sukan ce ai gidajenmu fenti ake yi musu, ina ruwanmu da kankare. Duk wanda ya zagaya Mabera ko Arkilla ko Dambuwa zai ga gidaje nawa ne ke tsaye da filastar siminti shekara da shekaru kafin a sami halin fenti, ban da katangu da kwalbatoci da ƙasan rufin dakin da daɓen tsakar gida. Hoto na gaskiya yana ma taimaka wa mai gida ya yanke shawara mai kyau tun da wuri, kamar ya sa dutse ko fenti mai duhu a gindin bango, ko ya fito da bakin rufi ya kare fuskar ginin daga zirin ruwa.

Saboda haka ina kira ga malaman fannin gini da zane a manyan makarantunmu, irin su Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da su sa ɗalibai su fita da wayoyinsu su ɗauko fuskokin gine-ginen garin nan a matsayin aikin aji, a gyara su, a tara su wuri ɗaya inda kowa zai ɗauka kyauta. Kowace fata a rubuta unguwar da aka ɗauke ta, da faɗinta a mita, da kimanin shekarun bangon, da gabar da yake fuskanta, da watan da aka ɗauki hoton. A fara da sabon kankare da tsoho, da filasta mai santsi da mai kaushi, da bulon da ba a yaɓe ba, da daɓe. Daga nan a wuce zuwa yaɓen jar ƙasa da makuba na tsofaffin soraye da ke cikin gari, waɗanda ake rushewa a hankali ana maye su da bulo, domin idan suka tafi ba a ɗauke su ba babu inda za a sake samo su.

Ni da yarana mun fara namu, mun kuma sa niyyar fita a hazon bana mu ƙara, kuma duk malamin da ya nemi abin da muka tara ta hannun wannan jarida zan ba shi ba tare da ko kwabo ba. Roƙona ga masu gidaje da magina shi ne, idan suka ga yaro tsaye gaban katangarsu da waya da tef ɗin awo, su tambaye shi abin da yake yi, idan ya yi bayani su bar shi ya ɗauka.

Wassalam.

Naku,
Wani mai zanen gine-gine,
Mabera, Sakkwato.